Ƙofar da Ba Ta Son Hatsi

Tun da hukuma ta saka wa gidajen masu farfaɗiyar gado sabuwar ƙofa, hatsi ba ya shiga. Ƙaramar Jummala ƙwai take ci da man shanu, kuma ta daina faɗuwa.

Ran Sallah kakarta Tabawa ta zo da tuwo. Ƙofar ta yi ƙara, ta ƙi buɗuwa.

"Inna, a bar shi waje," in ji mahaifiyar yarinyar ta taga. "Loma ɗaya sai ta kayar da ita."

Tabawa ta ajiye kwanon, ta wanke hannu da sabulu, ta matso. Ƙofar ta sake yin ƙara. Tun tana budurwa take tuƙin tuwo, dawa ta zauna a fatarta.

Daga ciki Jummala ta ce, "Kaka, ki shigo mana."