Kamfanin Rauda

"Sa wa kamfanin sunanta kawai," in ji Sada. "Mace ta ga sunanta a intanet, ai dole zuciyarta ta yi sanyi."

Malam Kabo ya gyaɗa kai. Shi da amininsa Sada sun haɗa manhajar cinikin dabbobi don 'yan kasuwar Mai'adua, suna kawai ya rage. Rauda kuwa matarsa ce da ya yi wa saki ɗaya a kan miyar da gishiri ya yi wa yawa, ta koma gidansu a Zango. Kunyar surukai ta hana shi zuwa biko, sai ya wakilta Sada.

Sada bai yi wasa da aikin ba. Duk Juma'a yana hanyar Zango, a babur ɗin Kabo, yana ƙamshin turaren Kabo. Shi ya ma yi rajistar adireshin intanet ɗin da sunan Rauda. Kullum amsarsa ɗaya: "Kar ka yi gaggawar mayar da ita, bari ta huce."

Tana hucewa har idda ta cika.

Ranar buɗe kamfani, gaban dillalai da liman, Kabo ya gyara hula, ya buɗe shafin a babban allo. Ba rago, ba sa. Katin ɗaurin aure ne ya fito: Sada da Rauda, Asabar, a Zango.

"Sada, mene ne wannan?"

"Gwajin shafi ne, mutumina," in ji Sada. "Amma ranar gaskiya ce. Za ka ara min babur ɗin?"