Yawon Bakin Dam

"Je ki wurin Gwaggo mana!" in ji Baraka, tana tura 'yarta Amna tana dariya.

Tun da bazara ta kama mijinta Na'Allah ya tsiro da wannan fita. Duk Juma'a da la'asar sai ya kwashe su a sabuwar Fijo ɗinsa, su tafi bakin dam ɗin Kazaure shan iska. Matan unguwa har tsokanarta suke yi, wai ta auri Bature. Kullum kuma sai su tarar da yayarsa Habiba, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta zo daga Babura da alewa da mangwaro.

Da farko Amna ƙiwa take yi mata. Baraka ce ta yi ta lallashi, tana ɗora ta a cinyar gwaggonta, har yarinyar ta sake.

Ran nan da za su tashi, Na'Allah ya buɗe bayan mota ya fito da ƙullin kayan Amna.

"Malam, kayan nan fa?"

"Tun ranar suna aka ba Yaya riƙonta," ya ce, bai dube ta ba. "Jira muke ta saba. Sannu da ƙoƙari, ai ke kika sauƙaƙa mana."

'Yar fari ce, ga kuma mutane, kunya ta hana Baraka buɗe baki. Ta zuba ido, ko yarinyar za ta yi kuka a fasa.

Habiba ta goya ta. Amna ta lafe, ta ɗago hannu kamar yadda uwarta ta koya mata.

"Sai gobe!"