Karkataccen Kitso

Ta taso daga aiki ƙafafunta kamar ba nata ba, sai ta tarar da tsohon mijinta zaune a ƙofar gida, 'yarsu tsakanin gwiwoyinsa, yana mata kitso.

"Kai kuma ina ka koyi wannan?"

"A zaman iyaye maza na asibitin unguwa. Da igiya muke gwadawa." Ya sunkuyar da kai. "Ki dawo ɗakinki, don Allah."

Ta dubi kan 'yar tasu. Tsagar duk a karkace, amma yarinyar da ko mataji ta gani sai ihu, ga ta tana gyangyaɗi a cinyarsa.

"Na gaji da alkawari," ta ce a hankali, ta raɓa shi za ta shige. "Nan da sati kitson zai tsufa. Mu ga wanda zai zo tsifa."