Sunan da Ta Kira a Bakin Ruwan Ɗumi

Tun hantsi ayarin 'yan biki ke tafe a ƙasa cikin daji, sai la'asar suka iso wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi kusa da iyakar Benin. Kowa ya nemi inuwa. Zubaida ta tuɓe takalmi, ta tsoma ƙafafunta da suka yi bororo, ta lumshe ido.

Zulkiflu ya zauna nesa kaɗan, shi ma ya tsoma nasa. Tun ranar da aka kai gaisuwar aurensu ba ta sake kama sunansa ba, kara irin wadda mace ke yi wa mijinta. "Malam" take cewa.

"An ɗauke ni aikin," in ji shi. "Gadin gandun dajin can tsallake."

Ba ta buɗe ido ba. "Gandun da ake korar shanun Baffa?"

"Aiki ne, Zubaida. Da shi zan riƙe ki."

"In rani ya yi ka iske garkenmu a ciki, mi za ka yi?"

Ya dubi tururin da ke tashi a kan ruwa.

Ta jira shi, ta ƙara jira. Sannan ta fid da ƙafafunta, ta goge da bakin zane, ta dube shi ido cikin ido.

"Allah shi ba da sa'a, Zulkiflu."

Ta faɗi sunan sarai, yadda ake kiran kowa. Ƙafafunsa na cikin ruwan ɗumi, amma sanyi ya ratsa shi har ƙashi.