Gishiri Ya Yi Yawa

"Gishiri ya yi yawa," in ji Baba, ya turo mini kwanon. "Ɗanɗana ki ji."

Na kai cokali baki. Lafiya lau. Ya ce in ƙara, wai daga gefe na ɗiba. Sai da na yi cokali biyar sannan ya yarda ya ci uku.

Haka muke fama tun rasuwar Inna, wata biyu ke nan. Yau gishiri, gobe yaji, jibi wai bai nuna ba. Har wandonsa ya fara zamewa. Ran nan na daka masa tsawa, na koma kicin na sha kuka.

Da na ce mu je asibiti, ko musu bai yi ba.

"Likita, mahaifina ba ya cin abinci," na ce. "Shi kaɗai ya rage mini."

Likita ya dube shi, ya dube ni, ya nuna mini ma'auni. "Ke fara hawa."

Na hau ina tsaki. Rabona da wannan nauyin tun ina 'yar sakandare.

"Jiya me kika ci?"

Na fara lissafi da yatsu, sai Baba ya riga ni.

"Cokali biyar," in ji shi. "Shekaranjiya huɗu. In na ci nawa salin alin, ita ko loma ba ta kaiwa."

Ya kamo hannuna.

"Girkinki bai taɓa yin gishiri ba, uwata. Mahaifiyarki ma da ture kwano ta fara, ni kuma ban lura ba."