Hayaƙin da Aka Yi wa Mas'uda

Tun da Lauwali ya dawo da sana'arsa ta cajin waya cikin gida, matarsa Mas'uda ba ta sake jin daɗin jikinta ba. An tayar da rumfarsa ta bakin tashar Illela, sai ya kwaso allon caji da janareta ya kafa a zaure, bango ɗaya da ɗakinta. 'Yan kabu-kabu da 'yan canji masu shiga Ƙonni ta Nijar duk nan suke barin wayoyinsu.

Dama can Mas'uda ba ta shiri da wari mai ƙarfi. Turare ne, maganin sauro ne, fetur ne, da ta shaƙa sai ƙirji ya riƙe, ido ya yi jawur. Lauwali ya san haka sarai, don ko ranar tarewarta sai da aka fitar da kaskon turare daga ɗaki. Ga shi yanzu tana ɗauke da cikin fari.

"Malam, hayaƙin injin ga na cutata," ta ce masa. "Kuma in wayoyin nan sun taru bisa caji, sai in ji kaina na sara kamar ana daka."

"Mi? Waya?" Ya yi dariya har da tafa cinya. "Ke dai akwai raki! Duk garin ga kowa da waya cikin aljihu, ke kaɗai ta gani?"

Da ya tsaya a dariyar ma da sauƙi. Sai ya ɗauki zancen ya kai wa yayarsa Ruƙayyatu a matsayin abin raha. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Wanga ba ciwon asibiti ba ne, iska ce," in ji ta. "Ba ka lura ba ta son turare ba? To su ne ba su son shi. Hayaƙi za a yi mata."

Wayyo Lauwali! Abin da ya sani tun ranar aure, magana ɗaya ta shafe shi.

Da hantsi Ruƙayyatu ta iso da ƙullin turaren hayaƙi. Aka rufe taga, aka zuba shi a garwashi, aka lulluɓe Mas'uda da bargo, kasko a gabanta, Lauwali ya riƙe ta. Tari ya turnuƙe ta, ta shiga fizge-fizge.

"Malam, kai fa ka san ni! Don Allah buɗe ni!"

Hannunsa ya fara saki. Yayar ta daka masa tsawa: "Riƙe ta! Ba ita ke magana ba!" Sai ya ƙara riƙewa. Da Mas'uda ta daina motsi, Ruƙayyatu ta ce alhamdulillahi, sun fita. Aka yaye bargo, sai ga Mas'uda a sanƙare, leɓe ya yi baƙi.

A wani asibiti a Sakkwato aka ceto ranta da ƙyar. Cikin kam bai tsaya ba. Likitar ta ce wa Lauwali batun waya har yanzu masana ba su tabbatar da shi ba, amma ciwon da matarsa ke ji ba ƙarya ba ne, kuma mai irin ƙirjinta ba a kusantar da ita ga hayaƙi ko kaɗan.

Daga asibiti mahaifinta ya wuce da ita garinsu Araba. Lauwali ya fitar da injin daga gida, ya yi wanka ba turare, ya bar wayarsa a gida, ya bi ta. Ya same ta zaune a gindin darbejiya, ta rame, numfashinta na fita da ƙara.

Ita ta fara magana, ko kallonsa ba ta yi ba. "Hayaƙin ban riƙe shi a rai ba, Malam, Yaya taimako ta yi nufi. Hannunka ne na kasa mantawa."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Har yau ɗakinta na nan a share, ba ta dawo ba.

Jama'a, in ɗan'uwa ya ce abu kaza na cutar da shi, kada mu yi masa dariya don mu bai cutar da mu ba. Mai ciwo shi ya san inda yake masa zafi. A saurare shi, a kai shi asibiti, kafin a kai ga da-na-sani.