Tagar Ɗakin Gaba

Da bugun guduma na farko tsohuwar tagar ta zube ƙasa, katakonta duk gara ta cinye. Injiniya ya tsaya a kanta yana huci kamar wanda ya ka da zaki. Shi fa ba injiniya ba ne, direban motar ma'aikata ne da ya yi ritaya. 'Ya'yansa ne suka laƙaba masa sunan tun ranar da ya gyara fanka ta koma juyawa da baya.

Tun da ya ajiye aiki yake neman abin da zai nuna wa unguwa cewa da sauransa. Tagar ɗakin gaba, mai kallon titi, ita ce ta faɗo hannunsa. Ɗakin ba kowa a ciki sai tarin tayoyi da tsofaffin jaridunsa. Matarsa tela ce, a lungun kicin take ajiye kekenta, masu kawo ɗinki kuma sai sun ratsa ta gaban kujerarsa. Ta sha roƙonsa ɗakin, yana ce mata gidansa ba kasuwa ba ne, har ta daina maganar.

Da ta ba shi shawarar a kira magini, ya ce aikin bai kai ya kawo ba. Ba ta yi musu ba, har tef ɗin awonta ta ara masa.

Faɗin tagar ya auna da hannayensa biyu. Tsawo kuwa sai da ya hau kujera, ya danna tef a jikin linta, wato kankaren saman tagar, ita ta riƙe masa bakin tef ɗin daga ƙasa. Ya karanta lambar da ƙarfi, ya nufi wurin mai walda da ke bakin layi.

Sabuwar taga ta iso. Faɗi ya zauna daram, amma tsawo ya fi ramin da kusan taƙi biyu. Injiniya ya zagi mai walda a zuci. Sama ba ta taɓuwa saboda linta, don haka sai a ci ta ƙasa. Ya sake hawa kujera, ta sake riƙe masa tef, ta ja masa layi da allin ɗinki, ya shiga fasa bulo.

Da ƙura ta lafa ya ɗora tagar. Yanzu ramin ne ya fi ta tsawo, har ƙaton kan maƙwabcinsa ya shigo ta ƙarƙashinta yana yi masa sannu da aiki.

Uwargida ta kawo masa ruwan sanyi, ta ce kowa yana kuskure, ai manyan magina ma suna yi. Ya ji daɗin maganar. Suka sake awo, ya mayar da tagar a ƙara mata ƙafa. Mai walda ya karɓa bai ɗago kai ba, sai dai kafaɗunsa na rawa, ya ce mura ce ke damunsa.

Wannan karon ƙarin ya yi yawa. Injiniya ya sake ɗaukar guduma.

Kafin mako ya zagayo ramin ya sauko har gwiwa. Masu wucewa kan rage tafiya su leƙa. Kyanwar unguwa ta mayar da wurin hanyarta. Maƙwabci ya fito da benci, shi da abokansa suka koma hira a daidai wurin, kowa da irin shawararsa. Babbar 'yarsa ta bugo waya tana tambaya ko gaskiya ne gidan ya rushe. Ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas, abin da ke tsakanin ɗakin da ruwan sama labule ne kawai.

Ya zauna a kan taya ya rafka tagumi. Ba jiƙewar jaridu ce ke cin ransa ba, a ce ya kira magini ne a gaban waɗancan 'yan benci.

Matarsa ta zo ta tsaya tana kallon ramin, kamar yau ta fara ganinsa.

"Baban yara, wa ya ce musu taga kake yi?" ta ce a hankali. "Bulo ɗaya ya rage ka taɓa ƙasa. Ka ce da ma ƙofa ka nufa."

Ya ɗago kai. Kafin ta koma kicin ya riga ya yarda cewa dabarar tasa ce. Ya fita ya sanar da 'yan benci cewa da ma shago yake fitar wa iyali, su ne ba su da ido. Maƙwabci ya ja bencinsa baya.

Ya fasa bulon da ya rage, sai batun ƙofa, ga iska ta fara kaɗawa. Ya isa wurin mai walda da sassarfa, yana tambaya ko za a iya haɗa masa wata kafin ruwa ya sauko. Mutumin ya shiga bayan rumfa ya jawo wata, shuɗiya, fentinta ya bushe, har da makulli a rataye. Suka ɗauko ta tare. Ta shige ramin cif, ko takarda ba za ta ratsa gefenta ba.

Ɗigon farko ya faɗo daidai lokacin da suka gama ɗaure ta. Daga ciki ana jin ƙarar keken ɗinki ana turo shi. Injiniya ya bugi ƙirji, ya ce wa mai walda ya gani ko, ido kawai ya sa ya fasa ramin nan, ga shi ya zo daidai da ƙofar da wani ya yi oda ya ƙi karɓa.

Mai walda ya tattara kayansa, ya goge hannu a wando.

"Wane wani, Baba? Ta Mama ce. Tun kana zuwa aiki ta kawo mini awonta da tef ɗinta, ta ce in ajiye, ramin yana nan tafe."